Agogo ya ji faɗuwar Mama, to wa zai ɗaga kiran?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun saya wa mahaifiyarmu agogon hannu mai gane faɗuwa. Shekarunta 74, kuma yawancin yini ita kaɗai ce a gida. Yanzu hankalinmu zai iya kwanciya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ya kwanta rabi. Kun kama abin da ya dace, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Amma ku san iyakar abin da kuka saya.

Cikin agogon akwai ƙananan na'urori biyu, ɗaya tana auna saurin motsi, ɗaya tana auna juyawar hannu. Abin da suke jira shi ne saukowa da ƙarfi, da bugun ƙasa, sannan shiru. A Apple Watch, wanda ya soma wannan aiki da Series 4 a 2018, agogon zai girgiza a wuyan hannu ya tambaya ko lafiya. In Mama ta yi kamar minti ɗaya ba ta motsa ba, sai ya ƙirga daƙiƙa 30 da ƙara, ya kira lambar agajin gaggawa, sannan ya aika saƙo da wurin da take ga mutanen da kuka rubuta masa.

Matsalar ita ce ba kullum dattijo ke faɗuwa tim ba. Wani jiri ne zai kwashe shi ya dafa bango ya sulale a hankali, wani daga bakin gado zai zame. Irin wannan sau da yawa agogon bai san an yi ba, tunda babu bugun da zai auna. Sai maganar caji. Batirin yawancin irin waɗannan agogo yini ɗaya yake yi, mutane kuma sun saba jona shi da dare, alhali da dare ne tsoho ke tashi cikin duhu ya nufi banɗaki. Ku mayar da cajin lokacin da take zaune kuma akwai mutum kusa, ta kwana da shi a hannu. Na uku, in agogon ba shi da layinsa na kansa, ya dogara ga waya, kuma Bluetooth bai cika wuce mita 10 ba, bango ma yana rage shi.

Wani abin da ke faruwa kuma, saƙon ya tafi ya tarar da wayar ɗan da aka sa tana kan tsarin hana damuwa (Do Not Disturb), wanda ke hana kira da saƙo yin ƙara. Duk wanda aka sa lambarsa ya shiga saitin wayarsa ya ba lambar Mama izinin ratsa wannan tsari, ya kuma kunna zaɓin barin kiran da aka maimaita ya shigo. A Android sai an sake kira cikin minti 15, a iPhone cikin minti 3.

Tambaya: Malam, na ga ana danganta wani mai bincike da fannoni biyu, haɗin gwiwar kamfanoni ta intanet da fasahar kula da tsofaffi. Me ya haɗa kifi da kaska?

Amsa: Ga alama nesa suke da juna, amma tushensu ɗaya. Sunan da ya yi fice a nan shi ne Farfesa Luis Camarinha-Matos na Jami'ar NOVA da ke Lisbon a Fotugal, wanda ya daɗe yana aiki tare da Farfesa Hamideh Afsarmanesh ta Jami'ar Amsterdam. Asalin aikinsu kan ƙananan kamfanoni ne: kwangila ta fito wadda babu ɗayansu da zai iya shi kaɗai, sai su haɗu na ɗan lokaci ta kwamfuta, kowa ya kawo abin da ya ƙware a kai, in an gama a watse. Taron masana na PRO-VE, wanda ake yi tun 1999, a kan wannan yake.

Abin da suka nanata, wanda a ganina shi ne mafi amfani, shi ne cewa ba ranar da kwangila ta fito ake fara neman abokin aiki ba. Sai da wata ƙungiya mai ɗorewa tun kafin nan, inda an riga an san juna, an yarda da juna, an daidaita yadda za a riƙa musayar bayanai da wanda zai ɗauki alhakin me. Da wannan tunani suka shiga ayyukan da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi, irin su TeleCARE a farkon shekarun 2000, kan sa ido ga tsofaffi daga nesa, da ePAL, kan yadda ƙwararrun da suka yi ritaya za su ci gaba da ba da gudummawa. Tsoho ɗaya yana hulɗa da likita, da mai sayar da magani, da mai jinya, da 'ya'ya, da kamfanin na'urarsa, kuma kowannensu ɗan guntun labari ke hannunsa.

Iyali ma za su iya aron tsarin. Ku rubuta mutum uku a jere, na farko ya zama wanda ya fi kusa da gidan kuma yana da makulli, ko da ba shi ne babba ba. Ku tsayar da minti nawa za a jira kafin na biyu ya tashi. Sunayen magunguna da abin da jikinta ba ya so a sa su a shafin bayanan lafiya da ke buɗuwa ko waya tana kulle. Ranakun asibiti su shiga kalanda ɗaya da kowa ke gani, kamar Google Calendar, domin a zauren WhatsApp saƙo nutsewa yake. Kuma a nemi yardarta kafin a kunna bin sawun inda take. Uwa ce, ba kaya ba. Sau ɗaya a wata ku gwada: ta kira, a ga wa ya ɗaga, cikin minti nawa.

Tambaya: Wayar Baba ta fara magana da kanta, kuma in an taɓa abu ba ya buɗuwa.

Amsa: TalkBack ne ya kunnu, manhajar da ke karanta wa makafi allo. Yawanci hakan na faruwa ne in an damƙe maɓallan ƙara da rage sauti tare na daƙiƙa 3. Sake damƙe su haka zai kashe shi. In bai yi ba, taɓa abu sau ɗaya don zaɓa, sau biyu da sauri don buɗewa, ka ja allo da yatsu biyu har ka isa sashen sauƙaƙa amfani. Ka kashe gajeriyar hanyar maɓallan ma, in ba haka ba jibi za a koma gidan jiya.

Tambaya: Na sa wa kakata manhajar tuna shan magani. Ta yi kwana biyu tana kaɗawa, sai ta daina.

Amsa: Wayar ce ta kwantar da ita don tsimin batir. Android na dakatar da manhajar da ba a cika buɗewa ba, Kaka kuwa ba buɗewa take ba, ƙarar kawai take jira. Danna hoton manhajar ka riƙe, shiga bayananta, ka je wajen batir ka cire mata takunkumi, ka duba an ba ta izinin sanarwa da na ƙararrawa. A Samsung ka leƙa jerin manhajojin da aka sa barci ka fitar da ita. In maganin bai wuce sau biyu ko uku a yini ba, ƙararrawar agogon da ta zo da wayar ta fi aminci, domin tsarin tsimin batir ba ya hana ta kaɗawa. Ka sa wa kowace ƙararrawa sunan maganin da launin ƙwayar, ka kuma duba ƙarfin sautinta daban, don ba ɗaya yake da na kira ba.