Daren 31 ga Disamba: amsa ga ɗan ƙanwata

Ɗana, saƙonka ya iso. Sau biyu jikata ta kunna mini shi a waya, don kunnena na hagu ya fara yi mini gardama. Ina gaida mutanen Nima duka. Magana uku ka haɗa wuri ɗaya: ina muka samo zaman daren 31 ga Disamba, me ya sa a majami'armu ta nan Kumasi ba a yin annabcin shekara kamar yadda kake gani a manyan tarukan Ankara, babban birnin Gana, sannan ka ce shekara uku ke nan ana ce maka bana taka ce, kana ba da baiko na musamman, har yau takardunka suna kwance cikin jaka. Ta ukun nan ce ta sa ka ɗauki waya, na sani, sauran biyun rakiya suka yi mata.

Babu ayar da ta ce a kwana a majami'a ranar ƙarshen shekara, kada wani ya ruɗe ka. Akwai dai Bulus da Sila da suka yi waƙa da tsakar dare a kurkuku, akwai Isra'ilawa da suka kwana a faɗake daren fitarsu daga Masar. Al'adar kanta ta hannun 'yan Metodis ta bazu a ƙasar nan. Wajen 1740, wasu masu haƙar kwal a kusa da Bristol ta Ingila, waɗanda a dā a gidan giya suke raba dare, suka tuba suka koma raba shi da addu'a. John Wesley, jagoran 'yan Metodis, ya ga abin da kyau ya karɓa. Da fari ma wata wata ake yi, lokacin farin wata, don mutane su ga hanyar komawa gida. Mai bisharar Metodis na farko a ƙasar nan, Joseph Dunwell, ya sauka Cape Coast ranar 1 ga Janairu 1835, kuma bai cika wata shida ba zazzaɓi ya ɗauke shi. Ka riƙe wannan a ranka: mutumin da ya shigo ranar sabuwar shekara da aikin Allah a hannunsa bai ga ƙarshen shekarar ba. Thomas Birch Freeman ya iso Kumasi a 1839. Daga wajen waɗannan Tonawa, wato mutanen Asante, suka koya, mu kuma muka gani a wajen Tonawa.

Kakanka daga ƙasar Zazzau ya biyo fataken goro ya zauna a nan. Majami'ar da ya tarar ajin makaranta ne na aro, cike da mutanen arewa: Farafara, Kusasi, Busanga, Mosi, da mu 'yan tsiraru. Kowa da harshensa, Hausa ce kaɗai ta haɗa mu, ita muke karatu da waƙa da ita. Su suka ɗinka wa daren irin rigar da ka taso ka gani. Tun da la'asar ake bin bashi, ina nufin mai bashi ne yake bin wanda ya ranta masa, ya biya ko ya nemi a ɗaga masa. Wanda yake gaba da ɗan'uwansa ba ya shiga sai sun yi hannu a bakin ƙofa gaban dattawa. A ciki a karanta sunayen waɗanda suka rasu cikin shekarar ɗaya bayan ɗaya. Sha biyu saura kwata kowa ya durƙusa, ba ganga, ba waƙa, sai tarin tsofaffi da kukan jarirai, har a buga ƙararrawa. Da safe zumuntar mata su dama koko su soya ƙosai, a aika wa maƙwabtanmu Musulmi da nasu, yadda su ma naman layya ba ya wuce ƙofarmu.

Sai fitila. Kakarka ba ta taɓa zuwa ba tare da fitilar ƙwai da kwalbar kananzir ta daban ba, ko bayan da aka jawo mana lantarki. Tun da rana za ta zauna ta wanke ƙwan da toka, ta gyara lagwani da almakashi. Mu yara muna yi mata dariya. Labarin budurwai goma na Matiyu 25 take yi mana da hannu ba tare da ta buɗe baki ba, tunda ba ta iya karatu ba. Abin da take cewa kawai shi ne ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina da shekara sha tara a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa. A watan Nuwamba aka yi shelar. Kafin Kirsimeti zango ya zama kufai rabi da rabi. Mutane suna sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na mota ba. Majami'armu da ke cika har taga, daren 31 na shekarar mu sha huɗu ne, na ƙirga. Mai bisharar da ke bi da mu ma ya tafi da iyalinsa. Kakanka ya tashi, ya karanta sunayen matattu kamar kullum, sannan ya ci gaba da sunayen waɗanda suka tafi, gida gida, har muryarsa ta shaƙe. Bai ce za su dawo ba. Mafi yawansu kuwa ba su dawo ba. Muka durƙusa, ƙararrawa ta buga, kakarka ta ɗaga waƙa, muka amsa mu sha huɗu. Ranar Lahadi ya share ajin gaba ɗaya ya jera bencina duka, har waɗanda ba mai zama a kansu. Na tambaye shi don me. Ya ce wanda yake jiran baƙo ba ya naɗe tabarma.

Kalmar da muke amfani da ita a majami'a, bege, ka taɓa tsayawa ka saurare ta da kunnen Bahaushe? Ka fita Aboabo ko Asawase lokacin Mauludi ka ji masu bege suna rera begen Annabinsu. Ba wanda yake lissafin riba a wurin. Bege a Hausa kewar wanda kake ƙauna ce, wanda ba ya gabanka, zuciyarka tana can wajensa. Amarya tana begen gida, matar falke tana begen mijinta da ya tafi Gwanja. Hausa tana da fata, tana da tsammani, tana da sa rai, tana da buri, amma bakin masu bi ya fi kama bege, kuma a ganina sun yi dace. Abin da muke jira mutum ne, Yesu Almasihu, wanda ya ce zai dawo, ya kuma ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar. Bulus ya gaya wa Romawa cewa abin da ido ya riga ya gani ya daina zama abin bege. To wanda ya tsaya ya zana maka watan da biza za ta fito da launin motar da za ka hau, wani abu dabam yake sayar maka.

Ba da bakin mai tsarki nake faɗa ba, ni ma na taɓa yi. Ka ji labarin 1983: fari, gobarar daji ta cinye gonakin koko, ga 'yan Gana wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya, ƙashin wuya ya fito wa kowa har ana yi masa laƙabi da sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin. Lokacin ni ne mai bishara. Daren 31 na ga fuskokin mutane, tausayi ya kama ni, na ce Ubangiji ya nuna mini baɗi za a ƙoshi. Allah bai nuna mini komai ba, so na yi su yi murmushi. Aka yi sa'a ruwa ya sauka a 1984, masara ta yi kyau, sai aka fara ce mini annabi, ni kuma abin ya yi mini daɗi. Ƙarshen shekarar na nuna wata baiwar Allah da ta daɗe ba haihuwa, na ce kafin wata sha biyu za ta goya. Ta sayi zanen goyo. Shekara ta zagayo ba komai, ta daina zuwa sujada, kuma mijinta ya ce ita ce ba ta da bangaskiya, tunda ai annabi ya faɗa. Kakarka ce ta tasa ni gaba har gidan matar, na durƙusa a tsakar gida gaban 'yan haya na ce ƙarya na yi da sunan Allah. Ta yafe mini, amma sai da ta shekara biyu kafin ta sake taka majami'a. Har ta rasu ba ta haihu ba, ita ce kuma ta riƙe ajin yara na Lahadi sama da shekara ashirin. Mahaifiyarka a hannunta ta haddace Zabura 23.

Shi ya sa da na ji a ƙarshen 2021 'yan sandan Gana sun fitar da gargaɗi kan annabce-annabcen da ke jefa tsoro a daren nan, kunya ta kama ni. A ce sai ɗan sanda ne zai tuna wa mai wa'azi ya kama bakinsa! Ban ce duk wanda ya cika filin wasa na Baba Yara ko dandalin Black Star maƙaryaci ne ba. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, kuma farin kaya da kaɗa farin hankici da rawa ba laifi ba ne, ni ma da gwiwata tana da lafiya na taka. Amma ka lura, duk shekara ta kowa ce a bakinsu, ba a taɓa karanta sunan wanda aka yi wa alkawari bara ya mutu a watan Maris. Manzo Yakubu ya ce a wasiƙarsa mai shirin zuwa wani gari ya yi ciniki ya ci riba ya riƙa cewa in Ubangiji ya yarda. Maƙwabtanmu da ba sa raba magana da in sha Allahu sun fi wasu fastocinmu kiyaye wannan ayar.

In ka zo, ka bi ta Adum ka dubi majami'ar Presbiteriyan da ake kira da sunan Ramseyer. Mutumin nan mai bishara ne na mishan Basel. Mayaƙan Asante suka kama shi da matarsa a Anum a 1869, jaririnsu ya mutu a hanya, aka tsare su a Kumasi har 1874. Da aka sake shi, garin da aka tsare shi nan ya ƙwallafa wa rai. Bai samu shiga ya kafa aiki ba sai 1896, shekara ashirin da biyu. A tsakani bai zauna yana ƙirga kwanaki ba, ya hau dutsen Kwahu ya buɗe aiki a Abetifi. A yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 abin da ya gina a Kumasi ya rushe, ya tsira da ƙyar, ya kuma sake dawowa. Ina da abin faɗa game da yadda dawowarsa ta 1896 ta biyo sawun sojan Ingila, wannan hira ce ta wata rana. Shekara ukunka dai ka ajiye ta kusa da ashirin da biyunsa.

Ba ina raina zafin da kake ji ba ne, ɗana. Namiji ya gama karatu yana karɓar kuɗin trotro, motar haya, a hannun uwarsa, na san yadda yake ci a rai. Ka roƙi aiki, ka roƙa da ƙarfi, Uba ne. Sai dai Hausawa sun yi wa wani irin jira suna, tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Yakubu da ya tashi ba da misalin jiran Ubangiji, manomi ya kawo, mai jiran ruwan fari da na ƙarshe. Kakanka yakan ce sai da ya zo nan ya gane ayar, don a gida damina ɗaya ya sani, a Asante kuwa biyu ce, babba daga wajen Afrilu, ƙarama wajen Satumba. Manomin da ke jiran ruwa irinsa yana cikin ƙasa. Mahaifiyarka ta ce wani mai gyaran lantarki a unguwarku ya nemi ka riƙa bin sa aiki ka ƙi, wai an ce maka ofis ne rabonka. Ka koma ka ba shi haƙuri. Kuɗin baiko na musamman ɗin nan kuma, bana ka fara biyan abokinka da ka ci wa bashi tun Ista, ita ma wannan ta gaya mini.

In za ka zo mana, ka taso ranar 30, don ranar 31 motocin tashar Circle cika suke yi, hanyar Nkawkaw kuma ba ta da tabbas. Bana ni zan karanta sunayen, mutum shida ne, biyu ka san su. Fitilar kakarka tana nan ƙarƙashin gadona, ƙwan ya tsage tun bara. Ka duba mini a kasuwar Nima ko za a samu irinsa, a Kejetia na nema sun ce sai mai batir.

Kawunka.