Kar ki dake shi, ni ma haka na yi bayan yaƙin Njamena

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar tukuna. Kin ce tun fitowarku daga Khartum yaronki ɗan shekara tara ya koma fitsarin kwance, da ya ji ƙarar jirgi sai ya shige ƙarƙashin gado, kina neman yadda za ki yi da shi. Wallahi kamar labarina kike bayarwa.

Ina shekara takwas aka fara yaƙin Njamena na 1980, tsakanin dakarun ministan tsaron Chadi Habre da na shugaban ƙasa Gukuni. Baba ya ƙi barin shagonsa, don haka muna nan har ƙarshen shekara da jiragen Libiya suka shigo. Ranar nan Inna tana tuƙa tuwo, muka ji wani irin fito daga sama, sai ƙasa ta girgiza. Katangar maƙwabta ta zubo tsakar gidanmu. Kunnena ya toshe, ina ganin bakin Inna yana motsi, ba na jin komai. Ƙura ta cika tukunyar. A kan tarkacen na ga silifas ɗin ɗan maƙwabcinmu, wari ɗaya, shuɗi. Shi kuwa ba mu ƙara ganinsa ba. Da asuba muka tsallake kogi a kwalekwale zuwa Kusiri, a ƙasar Kamaru.

Amma abin da matar kawuna ta yi min ya fi bam ɗin zama a raina. Duk safiyar da na jiƙa tabarma sai ta ɗora min ita a ka, ta tara yaran gida suna kirana amalala. Wai iskanci ne. Yarinyar da ta ga abin da na gani! Ta rasu tuni, na ce na yafe, amma kin ga yanzu ma hannuna rawa yake.

Don Allah kar ki dake shi, kar ki bari 'yan'uwansa su yi masa dariya. Ki sa leda ƙarƙashin zanen gado, ki wanke shiru. In jirgi ya wuce ki rungume shi, ki ce na fasinja ne, ku leƙa tare in ya yarda. In ya fara ba da labari kar ki ce ya manta, ki bar shi ya faɗa ko sau goma ne. Ki riƙa tofa masa addu'ar barci, ki kuma kai shi asibiti, akwai likitocin da aikinsu ke nan.

Ke ma kina samun barci kuwa? Inna har ta tsufa, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ta zabura tana salati, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta.