Tambaya da Amsa: Wannan jesi mai ɗige-ɗige, ta ina ce?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ranar Asabar na shiga Kantamanto, kasuwar gwanjo ta Accra, ana kwance dila sai na tsinci wata jesi marar hannu, baƙa da ratsin ruwan ɗorawa a karkace, duk jikinta ɗige-ɗige da zagaye-zagaye, an rubuta Richmond da AFL. Na saka na je wurin shan ataya, wasu suka ce zanen tsafi ne in cire, wani kuma ya ce ai ma ba jesin bol ba ce. Dan Allah mene ne gaskiyar magana? Daga wani mai karatu a Nima, Accra.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya ce ba ta bol ba ce ya ɗan kusa, don ba irin bol ɗin kulob ɗinmu na Ghana, Hearts da Kotoko, ba ne. AFL gasar wani wasa ne na Ostireliya, ƙwallon kamar ƙwai take, mutum 18 kowane ɓangare, ana kamawa da hannu ana bugawa da ƙafa, kuma rigunansu haka suke ba hannu. Richmond kulob ne a birnin Melbourne.

Zanen kuwa na Aborijin ne, wato 'yan asalin ƙasar, baƙaƙen fata da suke can dubban shekaru kafin jiragen Ingila su iso a 1788. Duba rigar da kyau, zagayen nan mai zobe cikin zobe galibi wurin taro ne ko mashayar ruwa, layin da ya haɗa su hanya ce, in ka ga wani abu kamar harafin U to mutum ne a zaune, don haka shatin zamansa yake fitowa a kan rairayi. Labarin ƙasarsu da danginsu suke zanawa, ba laya aka ɗinka maka ba. Eh wasu zanukan suna taɓa tsohon imaninsu, in hankalinka bai kwanta ba kan yin salla da ita ka tambayi limaminku.

Abin da nake so ku gane a majalisarku shi ne rigar nan ba a banza aka same ta ba. Mutanen nan an ƙwace musu ƙasa, an raba 'ya'ya da iyayensu da ƙarfin hukuma shekara da shekaru, sai 2008 firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. A filin wasa ma ba su tsira ba, a 1993 magoya bayan Collingwood suka yi ta zagin Nicky Winmar na St Kilda saboda launinsa, ana tashi wasa ya ɗaga rigarsa sama ya nuna fatarsa da yatsa yana fuskantarsu, wallahi duk wanda aka taɓa raina shi don an ji daga zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi, ya fito zai gane abin da mutumin nan ya ji a ransa. Daga baya ne a 2007 aka ware mako na musamman don girmama su, tun 2014 duka kulob 18 suke saka irin wannan riga, a 2016 aka raɗa wa makon sunan Sir Doug Nicholls, Aborijin ɗin da ya buga wa Fitzroy kuma ya zama gwamnan jihar Ostireliya ta Kudu a 1976. Richmond ɗinka da Essendon suke karawa a babban wasan makon.

Amma fa riga kaɗai ba ta wanke zuciya. Ana cikin saka rigunan nan 'yan kallo suka dinga yi wa Adam Goodes, shi ma ɗan wasa Aborijin, ihu fili bayan fili har ya ajiye wasa a 2015, mutumin da sau biyu yana cin kyautar gwarzon gasar.

Ni dai abin da ya fi burge ni, ba wani kamfani ne yake zama ya kwaikwayi zanensu ba, ɗansu ake ba aikin, wani lokaci ɗan wasan ne da kansa ko danginsa, a faɗi sunansa da ƙabilarsa da ma'anar kowane layi. Mu nan Ghana muna da masaƙan fugu, rigar saƙi ta arewacin ƙasar, a Daboya, da na kente a Bonwire, ga masu aikin wuyan babbar riga a zangunan Kumasi da Accra idonsu na ƙarewa a kan allura, amma sai ka ga an buga zanensu a injin wata ƙasa an dawo ana sayar mana, ko sisi bai shiga aljihunsu ba. Me zai hana kulob ɗaya a gasarmu ya ware wasa guda a shekara, ya ba masaƙi aikin, ya rubuta sunansa a wuyan rigar, ya kuma biya shi haƙƙinsa?