Likita, in saye shi don in cece shi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Yarana sun dame ni da son kare, ni ma ina so. Na ga tallar wasu 'yan kwikwiyo a intanet, na kira mai su, ya ce ba sai na wahalar da kaina zuwa gidansa ba, zai kawo mini su a mota. Da muka haɗu sai na ga ɗaya ya rame, idonsa duk kwantsa, cikinsa a kumbure. Tun ranar na kasa sukuni, ina ganin in saye shi ko don in raba shi da wahala. Ƙawata ta ce irin waɗannan daga gonar kwikwiyo suke fitowa, wai gara in ɗauko kare daga gidan da ake tara waɗanda aka yasar. Ni kuma ina tsoron kare da ban san tarihinsa ba ya cije mini yara. Mece ce gaskiyar lamarin?

Amsa: Malama, barka kadai. Tausayin da kika ji abu ne mai kyau, kuma mai sayarwar ya san za ki ji shi, shi ya sa bai damu ya ɓoye miki ramammen ba. Ƙawarki tana da gaskiya. Shawarata kada ki saya, kuma zan faɗa miki dalili.

Duk kwikwiyon da aka miƙo miki ta tagar mota yana da uwa, kuma ita ce ba a so ki gani. Abin da ake kira gonar kwikwiyo wuri ne da ake tara karnuka mata a keji, babu abin da ake buƙata daga gare su sai haihuwa. Karya takan nemi barbara kamar sau biyu a shekara, cikinta kuma kwana 63 ne ko kusa da haka. Mai kiwo na kirki yakan bar ta ta huta, ya kuma daina haɗa ta da namiji tun da sauran ƙarfinta. A irin waɗancan wurare kuwa ba a tsallake ko zagaye ɗaya. Tana yaye wasu ana shirin ɗora mata wani cikin, haka shekara da shekaru, har ranar da ta kasa. Ranar nan ta zama asara a wurinsu, sai a yar da ita ko a kashe.

Na taɓa duba ɗaya da aka ƙwato daga irin wannan wuri. Yatsun ƙafarta sun buɗe sun baje saboda tsayuwa a kan ragar ƙarfe, wadda ake sa wa kejin don kashi da fitsari su riƙa zuba ƙasa ba sai an share ba. Faratanta sun yi tsawo sun lanƙwashe har ɗaya ya shige cikin nama. Haƙoranta sun ruɓe, nonuwanta sun zubo kamar tsumma, mahaifarta kuma ta cika da mugunya, sai da muka yi mata aiki muka cire. Duk wannan na saba gani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da muka ajiye ta a kan ciyawa: ta ƙame, tana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar an ɗora ta a kan garwashi, don tunda aka haife ta ba ta taɓa taka ƙasa ba. Na miƙa hannu in shafa ta, ta lafe ta saki fitsari.

Ba ita kaɗai ba ce. A 2011 wani likitan dabbobi ɗan Amurka, Franklin McMillan, da abokan aikinsa sun wallafa bincike a kan karnuka fiye da 1,000 da aka fitar daga irin waɗannan gidajen kiwo. Sun samu cewa tsoro ya fi yawa a cikinsu ƙwarai in aka kwatanta da karnukan gida, tsoron mutane, tsoron ƙara, tsoron duk wani abu sabo, kuma da yawa ba sa rabuwa da shi ko bayan shekaru a hannu nagari.

Za ki ce ina hukuma? A Amurka akwai dokar kula da dabbobi tun 1966, kuma ma'aikatar noma ce ke ba manyan masu kiwo lasisi. Amma ki ji ƙa'idar keji: a auna kare daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara inci 6, wannan ne tsawo da faɗin filin da ya zama dole a ba shi. Ke nan kare zai iya ƙare mafi yawan rayuwarsa a wurin da da ƙyar zai juya, kuma mai shi bai karya doka ba. Don haka takardar lasisi kaɗai kada ta kwantar miki da hankali. Wasu wurare sun gane cewa dillalai ne ke rufa wa gonakin asiri, sai suka toshe ta nan. Jihar Kalifoniya ta hana shagunan dabbobi sayar da karnukan masu kiwo daga Janairun 2019. Ingila ta kafa dokar da ake kira Dokar Lucy a Afrilun 2020, wadda ta ce kwikwiyon da bai kai wata 6 ba sai dai a karɓe shi kai tsaye daga wanda ya kiwata shi ko daga gidan ceto, wato inda ake tara waɗanda aka yasar. Lucy ɗin wata 'yar ƙaramar karya ce da aka ƙwato daga wata gona a yankin Wales a 2013, bayanta ya tanƙware saboda zaman keji, tana kuma fama da farfaɗiya. Ta mutu a 2016. Faransa ma ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a shaguna daga 2024.

Yanzu ga kwikwiyon da kika gani. Kumburin ciki tare da rama galibi tsutsar ciki ce, wannan mai sauƙi ne. Abin da na fi ji masa tsoro shi ne cutar farbo, wadda ke yaɗuwa kamar wutar daji inda aka cunkushe 'yan kwikwiyo ba riga-kafi. Takan yi kwana 3 zuwa 7 a jiki kafin ta bayyana, sai ki kai shi gida yana wasa, kafin mako ya zagayo ya fara amai da zawo mai jini da wani irin wari da ba a mantawa. Ƙwayar cutar kuma tana iya yin watanni a ƙasan gidanki tana jiran kare na gaba. Na sha ganin yara suna kuka a bakin ɗakin jinya a kan kwikwiyon da bai yi kwana goma a hannunsu ba. Ga kuma saurin raba shi da uwa. Bai kamata a raba su kafin mako 8 ba, domin tsakanin mako 3 zuwa wajen 12 ne kwikwiyo ke koyon zama da mutane da 'yan uwansa, har da sanin iyakar cizo in ana wasa. Wanda ya yi waɗannan makonni a keji mai duhu yakan tashi da firgici, kuma kare mai firgici shi ne ya fi saurin kai cizo. Kin ga ashe wanda ba ki san tarihinsa ba shi ne na cikin motar.

In kika biya, kin fitar da ɗaya, kuɗinki kuma ya zama jarin cikin uwarsa na gaba, kejinsa ba zai kwana biyu babu kowa ba. Na san wannan magana tana da ɗaci ga wadda ta riga ta haɗa ido da shi. Abin da zai amfane shi da uwarsa shi ne ki adana hoton tallar da lambar motar in kin riƙe, ki kai rahoto ga hukumar kula da dabbobi ko wata ƙungiyar ceto da ke kusa da ke.

Batun gidan yasassun karnuka, ba zan ce miki duk na ciki salihai ba ne. Akwai masu tabo a zuciya waɗanda ba su dace da gida mai ƙananan yara ba, kuma gidan ceto na gaskiya shi zai fara faɗa miki haka. Amma da yawansu ba laifinsu ne ya kai su can ba: mai su ya rasu, ko ya tashi zuwa gidan haya da ba a yarda da kare ba, ko ɗawainiyar ta fi ƙarfinsa. Babban kare halinsa ya riga ya fito, girmansa ya tsaya, ma'aikatan sun yi makonni suna ganin yadda yake da abinci da baƙi da sauran karnuka. Yawanci kuma an yi masa allurai, har da ta haukan kare, an ba shi maganin tsutsa, an yi masa aikin hana haihuwa. Ki tafi da yaran, ki koma sau biyu ko uku, ki tambaya ko ya taɓa zama da yara, ko ya taɓa cizo, ko yana gurnani in an matso kusa da kwanonsa, kuma ko za su karɓe shi in zaman bai yiwu ba. In su ma suka tsare ki da tambayoyi a kan gidanki da lokacinki, ki ji daɗi, alamar sun damu da shi ce. Ki yi hattara da masu kiran kansu gidan ceto alhali kullum 'yan kwikwiyo masu tsada ne a hannunsu kuma ba sa barin a ga inda suke ajiye su.

In kuma ranki ya kafe a kan ɗan ƙarami daga mai kiwo, to kada ki yi cinikin biri a sama. Ki je gidan da ƙafarki, ki ga uwar tare da 'ya'yanta a inda aka haife su, ki lura ko suna shan nononta kuma tana sake da su, don wasu kan aro wata karya su ajiye a gefe. Ki karɓi katin riga-kafi mai sa hannun likitan da za ki iya kira. Duk wanda ya ce uwar ta fita, ko yana da iri biyar ki zaɓa, ki juya.

Kowanne kika ɗauko, ki ware masa lungu mai shiru a kwanakin farko, kada ki damu in ya ƙi ci ko ya ɓuya, wasu sai sun yi makonni kafin su sake. Ki koya wa yaran kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kuma kada ki bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai ko da na minti ɗaya ne. A makon farko ki kai shi wurin likitan dabbobi tare da duk takardun da aka ba ki.