Shayin da ya shekara 15 a ajiye: a zubar ko a sha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Wani abokin hulɗata a Guangzhou, ƙasar Sin, ya ba ni kyautar faifan shayi, ganye ne da aka danne ya yi tauri, a naɗe cikin farar takarda. Ya ce ya shekara 15 a ajiye. Da na buɗe sai na ji warin ƙasa da tsohon itace, uwargida ta ce ya lalace. Na dafa shi yadda muke dafa namu, ya fito baƙi ƙirin. Shin ya lalace ne? Kuma tunda an ce tsima shi ake yi, ba ya sa maye?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Don Allah ka roƙi Hajiya kada ta zubar. Abokin nan naka ya girmama ka, domin a wurinsu ba kowa ake ba irin wannan kyauta ba.

Sunan shayin Pu'er. Daga lardin Yunnan na kudu maso yammacin Sin yake fitowa, musamman tsaunukan Xishuangbanna da ke kusa da iyakar Laos da Myanmar. Tun zamanin da fatake ke loda shi a kan dawakai da alfadarai zuwa Tibet ake danne shi haka. Ɗora naka a sikeli, in na gargajiya ne za ka ga kusan giram 357, bakwai-bakwai ake ɗaure su cikin ɓawon gora.

Zancen maye kuwa, kwantar da hankalinka, babu giya a ciki. Ƙananan halittu ne da iska ke aiki a kan ganyen sannu a hankali, kamar yadda kalwa ke zama daddawa. Yana dai hana barci kamar kowane shayi.

Iri biyu ne. Akwai sheng, wanda ake bari shekaru su nunar da shi. Yana sabo yana da ɗaci da bauri, in ya tsufa sai ya yi laushi, ruwansa ya koma ja mai haske. Akwai kuma shou, wanda aka fara yi a masana'antar shayi ta Kunming, babban birnin Yunnan, a 1973, ana tara ganye a jiƙa a rufe wajen wata biyu don a gaggauta abin da shekaru ke yi. Shi ruwansa ja ne mai duhu, warin ƙasarsa ya fi ƙarfi, kuma ina jin shi ne naka. Ba na zargin abokinka, amma kada ka riƙe shekarun da aka faɗa da ƙarfi. A kasuwar Fangcun ta Guangzhou shekaru kuɗi ne, kuma an sha ƙara wa shayi shekarun da bai yi ba. Harshenka ne zai raba gardama.

Abin da ya fi damuna shi ne dafawar. Tsohon shayi ba ya son a bar shi a wuta yana ta tafasa, kuma ba ya son sukari, ko madara, ko citta da kanumfari. Duk abin da shekarun nan suka tara masa, waɗannan za su binne shi.

Nemi ƙaramar wuƙa mai tsini, ka cusa ta gefen faifan, ka ɗaga a hankali ganyen ya ɓanɓaro faifai-faifai. Kada ka farfasa shi ya zama gari, garin ne ke kawo ɗaci. Zuba abin da ka ɓanɓara a kwano mai tsabta, ka rufe da takarda, ka bar shi mako ɗaya ko biyu ya sha iska. Da yawa daga warin da ya kori Hajiya a nan zai tafi.

Ranar sha, ɗauki ƙaramar buta, giram 6 na ganye ga ruwa mililita 100. Ruwa ya tafasa sosai, kuma in na burtsatsenku mai nauyi ne, yi amfani da na roba. Zubin farko wanki ne, tsiyaye shi nan take ka zubar. Sai ka buɗe murfi ka shinshina ganyen da ya jiƙa, nan ne za ka fara sanin abin da ke hannunka. Zubi na gaba daƙiƙa 10 kawai, ka tsiyaye tas, kada ka bar ko ɗigo a buta. Kana tafiya kana ƙara 'yan daƙiƙu. Mai kyau yana kai zubi goma bai gaji ba, kuma ni a wurina daga na uku zuwa na shida ne daɗin yake. Ɗaga kofin gilashi wajen haske, ya kamata ruwan ya zama garau, ba gurɓatacce ba. Kurɓi kaɗan, ka haɗiye, ka yi shiru. In shayin na kirki ne, wani zaƙi zai taso maka daga maƙogwaro bayan ka haɗiye. Saboda wannan zaƙin ake jiran shekaru, don haka kada ka sha shi a tsaye a bakin shago kana ciniki.

Ragowar kuma ka mayar cikin takardarsa, ka sa a kwali. Ban da firji, ban da rana, ban da ɗakin girki, kuma nesa da turaren wutar Hajiya, domin ganye yana zuƙar duk ƙamshin da ya tarar. Hunturun Kano yana busar da shi har ƙamshin ya dushe, don haka a lokacin ka sa shi a leda mai tsabta ka rufe. Da damina kuwa ka riƙa dubawa. In ka ga fumfuna kore ko baƙi mai gashi-gashi, ko ka ji warin ruɓa da ba ya tafiya bayan wanki, to a nan Hajiya ta yi gaskiya, zubarwa za a yi.