Ga ƴar'uwar da tarin maigidanta ya ƙi jin magani

Assalamu alaikum ƴar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Kin ce ya sha maganin tarin fuka na wata shida har ya ƙare amma tari bai tafi ba, yanzu yana kwance a asibiti nan Tawa. Gwajin kaki a labo (ɗakin gwaji) yana nuna ƙwaya, na'urar GeneXpert kuma ta ce ba tarin fuka ba ne, likita ya ambaci "mikobakteri atipik". Maƙwabciyarki ta ce ki sayo masa azitro, wato maganin azitromisin, tunda ya taɓa jin sauƙi da shi. Kina tambaya ko ki sayo, da kuma ko ki ware masa kwano da ɗaki saboda yara.

Don girman Allah kada ki sayo masa azitro ya sha shi kaɗai. Wannan kuskuren mu muka yi shi a kan yayana, har yau muna biyan bashinsa.

Yaya yana cikin waɗanda suka tafi haƙar zinariya Jado bayan an gano ta a 2014. Ya dawo da ɗan abin hannu da kuma ƙirji cike da ƙurar dutse. Tarin fuka na gaske ya fara kama shi, ya sha magani wata shida, aka ce ya warke. Bayan wani lokaci tari ya dawo, da zufar dare da rama, har wandonsa sai ya ɗaure da igiya. Aka duba kaki aka ga ƙwaya, kowa ya ce tsohon ciwo ne ya tashi. Ashe kama da wane ba ta wane.

Ga yadda likitan huhu da ya duba shi a Yamai ya fahimtar da ni, ni ma na bi na ƙara karantawa. Ƙwayar tarin fuka tana da dangi kusan iri 200 da ke zaune cikin ƙasa da ruwa, har cikin bututun famfo da kan shawa, su ne "mikobakteri atipik" ɗin da likitanku ya ambata. Idan an shafa wa kaki launi an sa a madubin labo, duk kamarsu ɗaya, mai dubawa ba zai iya cewa wannan ce ko waccan ba. Ita kuwa GeneXpert ƙwayar tarin fuka kaɗai take nema. Shi ya sa idan madubi ya ce akwai, GeneXpert ta ce babu, likitan da ya san aikinsa yake zargin dangin nan. Naku likitan yana kan hanya, ki riƙe shi da kyau. Dukanmu muna shaƙar ƙwayoyin nan muna shan su, ba su yi mana komai. Huhun da ya riga ya ji rauni suke samu su zauna: wanda tarin fuka ya bar wa rami, wanda ƙurar ma'adinai ta cinye, tsohon mai shan taba, ko mai Sida da garkuwar jikinsa ta faɗi. Idan ba a yi wa maigida gwajin Sida ba a yi, ba zargi ba ne, tsarin aikin ke nan.

Mu ba mu san duk wannan ba a lokacin. Wani mai tallan magani a tasha ya ba yaya azitromisin, ya sha kwana biyar, tari ya lafa, ya ci tuwo har da neman ƙari. Muka yi ta hamdala. Tari ya dawo, muka sake sayowa. Haka muka yi ta yi wata da watanni, ni da hannuna nake zuwa farmasi in sayo masa, ina ganin taimakonsa nake yi. Lokacin da aka shuka kakinsa, wato aka ajiye shi a labo har ƙwayar ta tsiro, aka gano sunan ƙwayar, Mycobacterium avium ce, kuma gwaji ya nuna ta daina jin azitromisin da ɗan'uwansa kilaritromisin. Likitan ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce mini, "Malam, ginshiƙin maganin ke nan kuka karya." Ban taɓa manta wannan maganar ba.

Dalilin kuwa kowane manomi zai gane shi. A cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke huhu akwai ƴan kaɗan da maganin ba ya kashewa. In ka ba da magani ɗaya tak, ka nome ciyawa mai laushi ka bar ƙuduji, ka kuma ba shi fili ya mamaye gona. Saboda haka ake haɗa uku a lokaci guda: azitromisin, etambutol da rifamfisin, don wanda ya kuɓuce wa wannan, wancan ya kama shi. Kuma ba wata shida ba ne. Ana ci gaba da sha har wata 12 bayan ranar da shukar kaki ta fara fitowa babu ƙwaya, sau da yawa jimilla ta kai shekara ɗaya da rabi ko fiye. In irin ta yaya ce ke jikin maigida, maganin tarin fuka da ya sha bai kashe ta ba domin biyu daga cikin magunguna huɗun da ake haɗawa a cikinsa, izoniyazid da firazinamid, ba su da wani tasiri a kan wannan iri.

Da muka rasa azitro, sai aka koma allurar amikasin. Ta taimaka, amma ta ci kunnensa. Da farko ya ce yana jin ƙara kamar ta gyare da dare, muka ɗauka gajiya ce. Yau masallaci yana jikin katangarmu amma sai ƙaramar ƴarsa ta taɓa masa ƙafa ta ce, "Baba, an kira salla." In har aka sa wa maigida wannan allura, ranar da ya ce kunnensa na ƙara ko yana jin jiri, ranar za ki gaya wa likita, kada ki jira ranar komawa. A riƙa duba ƙodarsa ta gwajin jini. Etambutol kuma ido yake taɓawa: in gani ya fara dishi-dishi ko ya kasa bambanta ja da kore, a faɗa nan take. Fitsari ya yi ja saboda rifamfisin, wannan ba komai, kin riga kin gani.

Abin da za ki nema yanzu shi ne sunan ƙwayar, domin maganin wata ba ya yi wa wata. Mycobacterium kansasii tana jin magani sosai. Mycobacterium abscessus kuwa ita ce mai taurin kan cikinsu, sau da yawa sai da allurai ta jijiya na makonni, kuma wani irinta yakan nuna kamar yana jin azitro a kwanakin farko sannan ya juya, shi ya sa labo ke riƙe gwajin har kwana 14. Ki roƙi likita ya sa a yi shukar kaki, su "kiltir" suke cewa, ya haɗa ku da cibiyar yaƙi da tarin fuka ta ƙasa da ke Yamai. Ba a yanke hukunci da kaki ɗaya, sai ƙwaya iri ɗaya ta tsiro a kaki biyu na ranaku daban, a haɗa da hoton ƙirji da halin da mutum yake ciki. Kakin asuba ake so, daga can cikin ƙirji, ba yawu ba, kuma kada ya kurkure baki da ruwan famfo dab da bayarwa, don ruwan kansa na iya ɗauke da ƙwayar ya ruɗa sakamako. Masu jinkirin tsirowa sukan ɗauki mako shida zuwa takwas. Na san zaman jiran nan da mutum yana tari a gabanki ya fi komai ciwo, a nan ne hannu ke ƙaiƙayin sayo magani. Sauri ya haifi nawa, ƴar'uwa, mu shaida ne.

Batun kwano da ɗaki, ki kwantar da hankalinki. In an tabbatar dangin nan ne ba tarin fuka ba, ba a saba ganin mutum ya shafa wa iyalinsa ba. Mu sai da muka ware yaya a ɗakin zaure wata da watanni, ana tura masa abinci daga bakin ƙofa, abin da ya fi ciwon ƙona masa rai, alhali babu dalili. Kafin sakamako ya fito dai a bar taga a buɗe, ya rufe baki in zai yi tari, kuma tunda ya yi tarin fuka a baya, a kai yara a duba su.

Tunda yana kwance, ki sa ido kan abu ɗaya da masu jinya ba su cika lura da shi ba: ƴar kwalbar ruwan da iskar oksijan ke bi ta ciki, da na'urar turara magani. Ruwan da aka tsarkake don aikin asibiti ake zubawa, ba na famfo ko na randa ba. In ruwan ya ƙare ki kira ma'aikacin jinya, kada ki cika da kanki. Ki kuma matsa masa da abinci, fura da nono, ƙwai, wake, ɗan nama in da hali, domin ramammen jiki ba ya ɗaukar maganin nan.

Ku fara tanadin kuɗi ke da danginsa tun yanzu. Maganin tarin fuka kyauta ne, amma a wannan ciwon mu da aljihunmu muka sayi wasu magungunan, ga kuɗin mota Tawa zuwa Yamai, sama da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ki tattara duk takardunsa a jaka ɗaya, katin maganin farko, hotunan ƙirji, sakamakon GeneXpert. Kuma azitron da kika ce ya taɓa sha, ki gaya wa likita sau nawa ne da kwana nawa, ko da a bakin tasha aka saya. Mu kunya ta sa muka ɓoye namu har sai da takardar labo ta tona mana asiri.