Filin Tambaya da Amsa: Takalmi ɗaya zai ishe ni tattaki, gudu da hawan tudu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, shi ne na fara tattaki kullum da safe, sau biyu a mako ina ɗan sassarfa, wani lokaci kuma ni da abokaina mukan hau tudu. Takalmin da na saya wata biyu da suka wuce ya fitar mini da bororo a diddige, farcen babban yatsana kuma ya yi baƙi. Sai na sayi takalma kala uku ne, ko akwai guda ɗaya da zai yi duka? Kuma yaya ake gane mai ƙarko? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Baƙin farcen nan shi na fara dubawa, domin ya riga ya faɗa mini cewa takalmin ya yi maka kaɗan. Ƙafa tana kumbura idan aka daɗe a kanta, balle ana gudu. Lokacin gangarowa daga tudu kuma takan zame gaba, yatsa ya yi ta dukan bakin takalmi har jini ya kwanta ƙarƙashin farce. Na taɓa rasa farce guda ta haka, kuma ya kusa shekara kafin sabo ya gama fitowa. Tun daga nan ban ƙara sayen takalmi da safe ba.

Ka je gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta riga ta kumbura, sanye da irin safar da za ka riƙa amfani da ita. Saka duka biyun, don ɗaya daga cikin ƙafafun mutum takan ɗara ɗayar girma, kuma da babbar ake awo. Miƙe tsaye ka danna bakin takalmin: tsakanin yatsan da ya fi tsawo da ƙarshensa ya zama akwai faɗin babban yatsan hannu, wajen santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Yatsu su sami wurin wasa, diddige kuwa ya zauna daram. Kada lambar da aka rubuta ta ruɗe ka, 43 na wannan kamfani ba lallai ya zama 43 na wancan ba. Idan mai sayarwa ya ce maka "zai buɗe idan ka saba", ajiye masa kayansa. Fata tana ɗan saki a faɗi, amma babu takalmin da ke ƙara tsawo. Ka tuna Abebe Bikila na Habasha: a gasar Olamfik ta 1960 a birnin Rum sabon takalminsa bai yi masa daidai ba, ya fitar masa da bororo, sai ya ajiye shi ya yi gudun kilomita 42 ba takalmi, kuma ya zo na ɗaya. Ba cewa nake ka yi koyi da shi ba, so nake ka ga cewa gwani ma bai yarda ya haƙura da matsi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ƙafarka ce za ta yanke hukunci, ba sunan kamfani ba.

Batun kala uku kuwa, a'a. Takalmin gudu yana yin tattaki lafiya lau, amma na tattaki ba ya yin gudu, saboda mai gudu yana sauke wa ƙafarsa nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku a kowane taku. Tunda kana taɓa hawan tudu, nemi irin wanda aka yi don gudu a hanyar daji: ƙasansa na da haƙora masu kama tsakuwa da laka, bakinsa kuma da ɗan tauri don tuntuɓe. Babban takalmin sojan nan mai rufe idon sawu na masu ɗaukar kaya ne a kan duwatsu, nauyi kawai zai ƙara maka. Wanda aka ce ruwa ba ya shigarsa ma ban cika ba da shawararsa ba sai ga mai tafiya cikin sanyi da damshi, don a zafi yana riƙe gumi.

Ƙarko kuma a hannu ake gane shi. Lanƙwasa takalmin: ya kamata ya lanƙwashe a daidai gindin yatsu, ba a tsakiya ba. Murɗa shi kamar mai matse wanki, idan ya juya ba gardama to ba zai riƙe ka a kan dutse ba. Matsa bayan diddigen ka ji ƙarfinsa, sannan ka bi gefen da aka liƙa da gam ka ga ko akwai inda ya ɗaga. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne soson tsakiya, wanda ke tsakanin tafin ƙafa da robar ƙasa. Shi ke fara mutuwa, yawanci bayan kilomita 500 zuwa 800, alhali saman takalmin yana nan fes. In ka ga ya yamutse, ko dunduniyar ta cinye gefe ɗaya, ko gwiwa ta soma ciwon da babu shi a da, lokacin canji ya yi. Kada ka busar da shi kusa da wuta ko cikin rana mai ƙuna, gam ɗin zai saki. Cire shimfiɗar ciki, ka cusa tsohuwar takarda, ka ajiye a inuwa.

Saura bororon. Bar safar auduga, tana shan gumi ta riƙe, fata ta yi laushi ta saluɓe. Nemi ta roba-roba ko ta ulu. Sannan ramin igiya na ƙarshe da ke can sama, wanda kowa ke tsallakewa, yi amfani da shi: zura igiya a kowane gefe ta bar ɗan zobe, ka ratsa kowane bakin igiya ta zoben ɗaya gefen, ka ja ka ɗaure. Diddige zai daina zamewa. Idan kuwa kana da ciwon suga, kada ka fasa bororon da kanka, kai wa likitanka ya duba shi da farcen tun yanzu.